Yadda Maigadi Zai Zama Masanin Matse Harsashi a Doha

Idan kai maigadi ne a Doha, kuma ba ka so mutanen gida su san gadi kake yi, gyara zama. Hanyar da zan koya maka ba ta taɓa ba ni kunya ba. Sau ɗaya aka gwada ta, a ɗakinmu na unguwar Najma, ta kuma ci fiye da yadda aka nema. Wanda ya gwada shi ne Ghali mutumin Ningi, mai kwana a gadon da ke saman nawa. Aikinsa ɗaga sandar ƙofa a wani gini da ake yi a bakin teku, kayan aikinsa usur da tocila. Burinsa ɗaya ne, mahaifiyarsa Inna Asibi ta iya ɗaga kai in mata sun tambaye ta aikin da ɗanta yake yi a ƙasar Larabawa. Ni direba ne, amma shawara ba ta yanke mini.

1. Zaɓi abin da ba mai iya bincikawa

Kada ka ce kai soja ne. Kowane gari akwai tsohon soja da ke zaune a gindin bishiya yana jiran wanda zai kama da ƙarya. Ka nemi wani ɗan siririn ilmi da zai nuna kana kusa da manyan abubuwa, ba tare da ka faɗa da bakinka ba.

Ghali ya tsinci nasa a shagon intanet a unguwar Mansura, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ƙwallo ya je dubawa, sai ya tarar wanda ya tashi daga kujerar ya bar shafi a buɗe. Wasu Turawa ne masu ɗura harsashinsu da kansu a gida, suna ta rigima a kan tambaya guda: in harsashi ƙarami ne, a matse bakin kwanson, ko a bar shi yadda yake? Ya jawo ni na leƙa. Shafi bayan shafi, har da zage-zage. Ghali bai fahimci rabin abin ba, kuma wannan ba aibu ba ne, don su ma masu rubutun ban ga alamar sun fahimci juna ba.

2. Kada ka ɗauki ɓangare

Jahili ne ke gaggawar cewa e ko a'a. Kai in an tambaye ka, ka yi shiru, ka dubi silin, sannan ka ce, "Ya danganta." In an matsa maka, ka ƙara da, "Ya danganta da bindigar." Kada ka wuce nan, don daga nan gaba rami ne.

Fara gwadawa a kan 'yan ɗakinku wajen shan shayin karak. Da Ghali ya jefo mana tambayar, kafin shayi ya huce ɗaki ya rabu biyu, 'yan matsewa da 'yan bari. A cikinmu babu wanda ya taɓa riƙe makamin da ya wuce danƙon harbin tsuntsu, amma har gaba aka yi.

3. Ɗauki hoto

Goge kaki, ari manyan takalma, sa baƙin tabarau. Kai hannun dama bayan ƙugu inda ba a gani, ka bar mai kallo ya cika sauran da kansa. Usur kuwa a bar shi a gida.

4. Nemi wanda zai yaɗa maka

Yabon kai aikin yara ne. Ka nemi mutumin da in ya yi magana a kan bindiga ba mai musa masa. Ghali yana da Kawu Lado, ƙanen Inna, tsohon maharbi. Ka kuma tuna yadda waya take a gida. Guda ɗaya ce a unguwa, a hannun mai lema a bakin titi. In ka kira sai an aika a nemo mutum, kafin ya iso jama'a sun riga shi, kuma duk abin da aka faɗa kowa ya ji. Wannan ita ce ribarka.

Ghali ya sayi kati, ya hau gadonsa ya kira.

"Kawu, ina gajiya? Ya daji?"

"Daji sai godiya. Kai dai har yau ba ka faɗa mana aikin da kake yi ba."

"Ai Kawu, wani abu ne ma ya ɗaure mini kai a wurin aikin. Ku a can, ƙaramin harsashi, matse bakinsa kuke yi ko bari?"

Bindigar Kawu ta toka ce, ta baki ake ɗura mata, ita da kwanso ba su taɓa haɗuwa ba. Amma maharbi ba ya cewa bai sani ba a gaban majalisa.

"To," in ji Kawu, "ya danganta."

Kafin a katse, mun ji shi da kunnenmu yana ce wa jama'a, "Yaron nan a ɗakin makamai yake."

5. Bar shi ya nuna da kansa

Daga nan aikinka ɗaya, duk wanda ya tambaye ka ka ce, "Ba maganar waya ba ce." Cikin ɗan lokaci mata suka fara gaida Inna Asibi da uwar soja, a gidan suna ana shimfiɗa mata tabarma ita kaɗai. Ghali ya yi ƙiba a makonnin nan. Ni kaina na ji daɗi, na kuma gaya wa duk mai son ji cewa dabarar tawa ce.

6. Kada ka damu da taswira

Mutanen gida ma ba su damu da ita ba. Shekarun nan kullum rediyo cikin labarin yaƙin Iraƙi take, kuma sau da yawa sai an ambaci Doha a cikin labarin. A kunnen tsohuwa, Doha da Bagadaza unguwanni biyu ne a gari ɗaya.

Za ka gane aiki ya kankama ranar da saƙo ya iso. Wani ɗan garinsu da ya dawo daga hutu ya kawo wa Ghali ƙunshi. Muka taru muna jiran kilishi da yaji. Da aka kwance sai ga rigar farautar Kawu, mai kauri kamar bargo, an jera mata layu gaba da baya, maganin bindiga. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Ɗan saƙon bai yi ba. Ya ce Inna ta rame, rediyo ba ta barin kunnenta, abinci sai an yi da gaske, ga hawan jini ya taso mata.

7. Faɗi gaskiya, don ka auna ƙarfin aikinka

Ghali ya kira a ranar. Shi ɗan fari ne, saboda haka Inna ba ta kama sunansa, ba ta kuma taɓa karɓar wayarsa ba. Nesa take tsayawa ta kau da kai, a isar mata da gaisuwa. Wannan karon muryarta muka ji.

"Ghali," in ji ta.

Ya sauko daga gado ya durƙusa a ƙasa, kamar tana ganinsa.

"Inna, ki saurare ni. Gadi nake yi. Ƙofa nake buɗe wa motocin siminti. Wallahi ban taɓa riƙe bindiga ba."

"Na sani ba za ka faɗa mini ba, don kada hankalina ya tashi. Tun kana ƙarami haka kake."

"Inna, ga abokin kwanana direba, ki tambaye shi."

"Shi ma ai an hana shi faɗa. Rigar ta iso?"

"Ta iso."

"Ka yi mini alkawari ba za ka fita aiki babu ita ba. In ka yi, zan ci abinci."

Ya juya ya dubi rigar, kati yana ta ƙonewa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba. Daga ƙarshe ya ce, "Na yi alkawari, Inna."

Ka ga ingancin hanyar nan. Ko kai da ka gina ta ba ka isa ka rushe ta ba.

A kula

Marubucin nan bai san ko ana matsewa ko ba a matsewa ba, mai son sani ya nemi masu abin. Babu ruwansa da hawan jinin uwar kowa, ko kafil, wato ubangidan aikin Ghali, da ya ce hutu sai baɗi, magana ta ƙare. Haka kuma ba shi da hannu a ƙurajen zufa. In ka bi ta bakin teku da rana tsaka, lokacin da kwalta ke narkewa, ka ga wani maigadi ya kumbura a cikin kaki yana ɗaga wa motar siminti sanda, zufa na ɗiga daga haɓarsa, kada ka ba shi shawarar ya cire rigar layun da ke ciki. Duk 'yan ɗakin mun gwada. Ya ce an gaya masa Inna ta fara cin tuwo.