Hannun Cin Tuwo

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ranar da na tara jama'a da bakina don su kalli Lawal yana jin kunya, sai ga ni ina neman ramin shiga.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗakin kati a wani asibiti a Ƙanƙara. Aikinmu shi ne, idan likita ya gama rubutu, mu ba kowace cuta lambarta, har da ɓangaren jikin da ta kama. Da lambar ake sanin inda za a tura mutum. Ni kaɗai ke cin karena babu babbaka, sai aka turo mana Lawal daga Sabuwa. Wata uku kacal, likita ya koma "a ba Lawal ya duba". Wallahi na ji haushi. Ko atishawa ya yi sai in ga da iyayi ya yi ta. (Kuma mutumin kirki ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.) Ana haka aka ce mutum ɗaya za a tura bita Katsina.

Sai katin wata tsohuwa daga Yankara ya faɗo hannuna. Zaizayar ƙashi ke damunta, ƙashin ya zama kamar karan da gara ta ci. Dafa ƙasa kawai ta yi za ta miƙe, wuyan hannu ya karye. Mai ɗori ya ɗaure, ya haɗe a karkace. Lawal ya sa lamba: karayar zaizayar ƙashi, ta haɗe a karkace, hannun hagu. Rubutun likita kuwa kamar kaza ta yi tono, amma nas ta rubuta kukan tsohuwar yadda ta faɗa: "Hannun cin tuwona ya ƙi miƙewa."

Hannun cin tuwo! Ko yaron goye ya san dama ne. Na ɗauki jan biro na soke hagu, na rubuta dama, har da ja masa layi biyu. Ban gaya wa Lawal ba. Na ɓoye abina sai ranar da za ta dawo karɓar takardar ɗaukar hoto a Funtuwa.

Ranar kuwa na saka sabuwar hula. Na kirawo nas biyu da Lawal, na shiga ofishin likita da katin, ga tsohuwar lulluɓe da mayafi.

"Ranka ya daɗe," na ce, "saura kaɗan a ɗauki hoton hannun da ba shi ba. Allah Ya sa akwai tsofaffin hannu a wurin nan."

Likita ya dubi tsohuwar. "Inna, wane hannun ne?"

Ta yaye mayafi ta ɗago na hagu, a murɗe. "Wanga mana."

Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Amma ina! "Inna, ai cewa kika yi hannun cin tuwo."

"To da mi kake so in ci, ɗan nan?" Ta fito da na daman, yatsun a ƙage. "Wanga tun shekara ukku da na hwaɗi bakin rijiya ya daina aiki. Da hagun nike ci, da shi nike alwala. Shi kaɗai ya rage mani. Ai na hwaɗa ma wancan yaron, har ya zauna ya duba su duka biyun."

Nas ɗaya ta fita da gudu, ina jiyo dariyarta har baranda. Sai Lawal ya matso. Ya karɓi jan biron daga aljihuna, ya soke gyarana, ya ce, "Yaya, kowa ma haka zai ɗauka." Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Shi ya tafi bitar. Ni kuwa ba bitar ta tsaya mini a rai ba. Da takardar ta fita da gyarana, da tsohuwar nan ta sha hanyar Funtuwa a banza, hannun da ya rage mata yana nan a karkace, don kawai ina jin haushin wani.

Yanzu ko ciwon kai aka rubuta, sai na tashi na je na ga mai kan. Jan biron kuma yana wurin Lawal, ban taɓa samun fuskar tambayarsa ba.