Ambasada Sirajo Ba Ya Talla

Idan ana lissafa waɗanda Allah Ya yi wa baiwar sanin manya a Ƙauran Namoda, to a fara da Ambasada Sirajo, sannan a huta kafin a ambaci na biyu. Ba wata ƙasa da ta taɓa tura shi jakadanci. Shi ya duba cancantarsa ya ga ta kai, ya naɗa kansa, jama'a suka ce Allah Ya taya riƙo. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana aikin tarbar baƙi a wani ofis, wato buɗe ƙofar mota da nuna wa babban baƙo kujerarsa, kuma daga nan ya san kowa. Bangon falonsa cike yake da hotunan da ya ɗauka da manyan ƙasa. A wani ana ganin kunnensa, a wani rabin hularsa, akwai ma guda da gwiwar hannunsa kaɗai ta samu shiga, amma shi yana gane abarsa, yakan nuna wa baƙo ita da sanda.

Inda babu mai ja da shi kuwa, shi ne gaisuwa. Ambasada na iya gaishe ka tun daga ƙofar masallaci har bakin kasuwa bai maimaita tambaya ba. Kuma a wurinsa mutum mai daraja ba ya faɗin buƙatarsa a zaune. A zo, a gaisa, a sha ruwa, a taɓa hirar damina, a yi sallama kamar ba komai. Sai mai gida ya taso rakiya an kai bakin zaure, sannan baƙo ya sosa ƙeya ya ce, "Af, da ma..." A nan ake neman aron gona, a nan ake fara zancen aure. Kowa na yin haka a garin, amma Ambasada ya mai da abin aƙida.

To bana manoman ƙauyen Ɗan Isa suka yi abin kirki. Suka haɗa wakensu wuri guda a ɗakin ajiya na ƙungiya, buhu ɗari huɗu cif, don su sayar a dunƙule. 'Yan baranda suka zo suka taya da farashin da ko kuɗin feshi ba zai mayar ba. Malam Hayatu, shugaban ƙungiyar, dattijo mara hayaniya, har ya fara sassautowa, sai labari ya kai kunnen Ambasada. Ko awa biyu ba a yi ba ya dira a kan babur ɗin haya, babbar riga na kaɗawa a baya.

"Malam Hayatu," in ji shi, "in kunka sayar da waken ga haka, ni kunka ci wa mutunci. Ina raye? Ni da ka gaisawa da mutanen da in sunka yi tari farashi ya motsa? Ku ɗaure bakin buhu, ku bar ni da Abuja."

Aka ɗaure bakin buhu, aka sallami 'yan baranda.

Ambasada ya shiga buga wa manyansa waya. Wata ta yi ta ƙara har ta gaji. Wata aka ɗauka aka ce, "Wane Sirajo?" Ya bayyana wa iyalinsa cewa sabis ne ya lalace a ƙasar nan, har manya ba sa gane muryar aminansu. Sati uku ana haka, sai ga Malam Hayatu da yammaci. Bayan sun gaisa sun sha ruwa, Ambasada ya raka shi bakin zaure, dattijon ya buɗe tafin hannunsa. Ƙwayoyin wake ne, uku daga ciki da ƙananan huji.

"Ƙwaro ya fara shiga, Ambasada. Mutane na tambayata, ban san mi zan ce musu ba."

Matar Ambasada, Malama Balaraba, wadda ke koyarwa a firamare, ita ta fitar da shi kunya. A wani zauren WhatsApp na mata 'yan kasuwa ta ga sanarwar taron haɗa masu saye da masu sayar da amfanin gona, ranar Asabar, a wani otal a Abuja. Ta yi masa rajista da wayarta, ta ɗaura samfurin wake mai kyau a leda, ta cusa masa a aljihu.

"Baban Nazifa, ka ji abin da sunka rubuta. Minti uku-uku na da kowane mai saye, sai a kaɗa ƙararrawa. Da ka zauna ka ce wake, ka ce buhu nawa, ka ce Ɗan Isa. Gaisuwar ka bar min ita nan gida in aje maka."

"Balaraba," ya ce cikin tausayi, "ƙananan yara kika saba koya ma karatu. Manya aikina na."

A garin kuwa labarin da ya bazu shi ne an gayyaci Ambasada Abuja. Bai ƙaryata ba, don shi ba mai son jayayya ba ne.

Tun daga ƙofar ɗakin taron ya ga alamun duniya ta lalace. Wata budurwa ta miƙa masa 'yar takarda mai gam da biro, ta ce ya rubuta sunansa a sama, abin da yake sayarwa a ƙasa, ya manna a ƙirji. Ya fara: Ambasada Alhaji Sirajo Mahmud, Garkuwan Matasa, Uban Ƙungiyoyi, tsohon babban jami'i... Takarda ta cika. Ya karɓi ta biyu, ita ma muƙamai suka cinye ta. Wake bai samu wuri ba. Ya shiga yana neman babban teburi, aka ce babu. Ba shugaban taro, ba uban taro, ba babban baƙo mai jawabi, ko mai sanarwa da zai ce ga wane ya iso. Tebura ne ƙanana jere, masu saye a zaune, masu sayarwa na bi ɗaya bayan ɗaya kamar layin allurar rigakafi. Ya yi salati a ransa ya shiga layi.

Teburin farko wani mutumin kudu ne da ba ya jin Hausa. Wannan bai dami Ambasada ba, ya juya gaisuwar zuwa Turanci tsaf. Ya tambaye shi yadda ya kwana. Ya tambayi gajiyarsa. Ya tambayi iyali, da yara, da aiki, da yadda ruwa ya yi a wajensu bana. Bawan Allah yana amsawa yana leƙen ƙirjin Ambasada ko zai gano abin da ake sayarwa. Ana cikin tambayar lafiyar mahaifiyarsa aka kaɗa ƙararrawa. Ambasada ya miƙe a hankali, ya ɗan tsaya ko za a taso masa, sai ya ga har wani ya zauna a kujerar.

Haka aka yi a teburi na biyu, da na uku, da na huɗu. Kada a ce bai yi ƙoƙari ba. Da ya kai na shida ya yanke "ina labari" daga cikin gaisuwar, abin da bai taɓa yi wa ko abokin gaba ba. Duk da haka ƙararrawar nan mara tarbiyya ba ta taɓa barinsa ya kai ƙarshen gaisuwa ba.

A teburi na takwas ya tarar da wata Bahaushiya mai tabarau, sunanta a gabanta, Hajiya Mardiyya, mai kamfanin garin ƙosai da alala a Kaduna. A ƙasan sunan an rubuta da manyan baƙaƙe: ana neman farin wake, buhu ɗari uku zuwa sama. Murna ta kama Ambasada. Ya ji ledar Balaraba na taɓa cinyarsa. Ga abin da ya baro Ƙaura dominsa, a zaune, yana kallonsa.

To amma daidai nan ne mutum ke nuna ko shi ɗan wane ne. In ya zaro leda yanzu, me ya raba shi da mai tallan gyaɗa a tasha? Kuma wannan 'yar gida ce, ta san yadda ake yi. Za ta gane, ta taso ta taka masa ko zuwa bakin ƙofa ne, a can a yi magana irin ta manya. Ya gyara zama ya ɗauko gaisuwa daga tushe.

Ta amsa biyu, ta katse ta uku da murmushi. "Alhaji, lokacin kaɗan ne. Me ka kawo mana?"

"Hajiya," in ji Ambasada, yana shafa takardun ƙirjinsa, "mu ba talla ta kawo mu ba. Alhamdu lillahi, ba mu rasa komai ba. Zumunci munka zo yi. Ki san ni, in san ki, wannan ya hi duk wani ciniki."

"Kai, madalla," ta ce. "Allah Ya saka da alheri."

Ƙararrawa ta kaɗa. Ya miƙe, ya yi jinkirin gyara riga, ya gyara hula, ya sake gyara riga. Hajiya ba ta motsa ba. Wani saurayi daga Gombe, da 'yar shara da wandon jins, ya zube wake a kan teburin tun kafin ya zauna, sallama kawai ya yi ya kama faɗin buhu nawa gare shi. Ambasada ya girgiza kai, ya tausaya wa iyayen da suka haifi yaron.

Bayan azahar aka rufe taro, aka ce duk wanda ya dace ya faɗa. Hajiya Mardiyya ta karɓi lasifika ta ce ta samu wakenta duka a wurin saurayin Gombe, mota za ta tafi ranar Talata. Sannan ta ƙara da cewa akwai abin da ya burge ta. Cikin duk waɗanda suka zauna gabanta, mutum ɗaya ne ya ce ba ya sayar da komai, ba ya neman komai, zumunci kawai ya ɗauko shi tun daga Zamfara. Ta roƙi a tafa wa dattijon.

Aka tafa kuwa. Ambasada ya miƙe ya ɗaga hannu biyu, ya juya gabas ya juya yamma. Gaskiya ya ji daɗi, daɗi sosai, har zuwa lokacin da tafin ya ƙare.

Daga nan ya koma bakin ƙofa ya tsaya, don ya ba Hajiya dama ta gyara kuskurenta. Ko buhu ɗari ta ƙara ai an rage. Ta fito da waya a kunne, ta ɗaga masa hannu, ta shige mota. Masu saye suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san shi yanzu, kowa na ce masa sannu mai zumunci, ba wanda ya taka masa ko taku ɗaya. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, Malam Hayatu ne. Ya bar ta ta yi ta yi har ta tsinke. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, don ya tuna mutanen da suka kori 'yan baranda saboda maganarsa, ya tuna ƙananan hujin nan uku.

Yana saukowa daga matakala a sanyaye, sai maigadin otal ɗin, wani dattijo mai suna Nasidi, ya taso daga bencinsa. Bai ga dacewar babban mutum ya fita shi kaɗai da jaka a hannu ba. Ya karɓi jakar, suka jera. Suka gaisa, gaisuwa ta gaske, tun daga kwana har damina har mutanen gida, ba ƙararrawa ba mai duba agogo. Ambasada ya ji ƙwalla na neman zubo masa. Ashe dai akwai sauran masu tarbiyya a Abuja.

Suka kai bakin get. Nasidi ya miƙa masa jaka ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Hannun Ambasada ya tafi ƙeya da kansa.

"Af, da ma... akwai wani ɗan wake da muke da shi can Ɗan Isa. Buhu ɗari huɗu."

Ya zaro ledar ya kwance. Nasidi ya ɗebi ƙwayoyin ya duba, ya ciji ɗaya, ya gyaɗa kai.

"Kai, wake ya yi kyau, Alhaji. In za ka sake shigowa, ka taho min da tiya biyu."