Malafar Bature a Bakin Tasha

Ba zan taɓa mantawa da hutun daminar da ƙanena Sadisu ya kawo 'ya'yansa gida daga Amurka ba, kuma ko na so in manta, mutanen bakin tashar jirgin ƙasa ta Sabon Gari ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta wurin a kan babur, akwai wani mai shayi da ke ɗaga mini hannu ya ce, "Di'o, a sauka lafiya." Nakan yi kamar ƙarar inji ta hana ni ji.

Ni malamin firamare ne a Samaru, kuma ina da wani hali da na daɗe ina ɗauka baiwa ce: ba na iya ganin yara sun yi jugum in ƙyale su. Nabila da Amir, yaran Sadisu, a can aka haife su, wannan ne zuwansu na farko da wayo. Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba. Tun da suka sauka suke maƙale a ɗaki da waya. Mahaifinmu kuwa, wanda dominsa aka yi tafiyar, yana zaure a kan buzunsa. Ya daɗe yana limancin masallacin unguwarmu kafin tsufa ya zaunar da shi, kuma a lokacin tunaninsa ya fara zuwa yana komawa. Wata rana ya gane mu sarai, wata rana ya tambaya ko mahaifiyarsa ta dawo daga kasuwa. Burinmu ni da Sadisu ɗaya ne, yaran nan su zauna da kakansu su san shi tun yana da sauran sanin kansa. Su kuma da sun gaishe shi sai su zame.

Wata rana muna cin tuwo na sa ubansu ya tambayar mini su wane hutu ne ya fi musu daɗi a rayuwa. Nan take Amir ya farka. Ya jawo waya ya nuna mini wani tsohon gari a Amurka da aka bar shi yadda yake tun zamanin da Ingila ke mulkinsu (ashe su ma an ɗana musu). Ga mutane cikin tufafin da, ga masu ganguna, ga maƙera, ga keken doki, har da wani mai farin gashin aro yana karanta dokar sarkin Ingila ana yi masa ihu. In an gama yawon tarihi kuma sai a wuce filin wasa, a hau lilon da ke juya mutum kai ƙasa. Nabila ta ce a nan garinmu ba wani abin gani.

Maganar ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Sadisu ya gaya musu su shirya ranar Asabar. Za mu ga tashar jirgi da tsofaffin kantunan Turawa inda a da ake auna gyaɗa da auduga, mu ci gasasshiyar masara da tsire, mu sha ayis kirim, in da hali mu hau dutsen Kufena da yamma. Abu ɗaya na riƙe a cikina ban faɗa wa kowa ba, wato ni ma zan samar musu Bature.

Na shiga kasuwar Sabon Gari wurin Baba Emeka mai gwanjo, dattijon da aka haifa a nan, wanda in yana Hausa sai ka rantse daga cikin birni ya fito. Na sayi gajeren wandon kaki, doguwar safa ce dai ban samu ba. A saman shagonsa kuma akwai wata malafar Turawan mulki ta su Di'o, irin mai taurin nan kamar an kife ƙwarya, ta sha ƙura. Da na nuna ta sai ya ce ta ado ce ba ta sawa ba, mahaifinsa ko kallonta ba ya son yi. Na yi dariya na ce wasan yara ne kawai. Ya ba ni aro, ya ce maɗaurin haɓar ya lalace, in yi hankali da shi. Da na gwada kayan a gida, maiɗakina ta dube ni daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan ƙwaurina, ta ce Allah ya rufa asiri.

Ranar Asabar an kwana ana ruwa, gari ya yi luf. Na riga su fita, na sauya kaya a bayan wani tsohon sito kusa da tasha, na ƙulle igiyar malafar a haɓata tamau don kada ta faɗi in ji kunya (ku lura da abin da nake tsoro a lokacin). Abin da ban sani ba shi ne Baba, mahaifinmu, ya tashi garau a safiyar nan, ya ji ana maganar tasha, ya ce shi ma za shi. Mun taso muna jin cewa da ƙuruciyarsa ya yi aiki da Turawa a wurin, har mukan faɗe shi da alfahari, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa wane irin aiki. Sadisu ya yi murna, ya sa shi a gaban mota.

Ina hango motar ta tsaya, yaran sun fito, sai na ɓullo daga bayan siton ina taku ɗaiɗai, sanda a hammata, hanci a sama. Na karya harshe irin na Turawa na daka tsawa, wai su wane ne suka makara, ina lebura, ina haraji. Amir ya faɗi da dariya, Nabila ta ɗaga waya, masu Keke Napep da 'yan dako suka taru ana shewa. Kaina ya kumbura. Na ƙara murya, na buga sanda a jikin ƙofar siton.

Sai ƙofar gaban motar ta buɗe.

Baba ya sauko a hankali. Ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe, ya tako cikin taɓo da ƙafa, farar rigarsa tana jan ƙasa. Kafin wani ya gane abin da ke faruwa ya durƙusa a gabana, ya dunƙule hannu ya ɗaga, kansa a sunkuye. Ya ce, "Zaki, a yi haƙuri. Ruwa ne ya tare ni tun daga Hanwa. Kada a kore ni, Zaki."

A cikin taron akwai waɗanda suka yi shekaru suna salla a bayansa, waɗanda su ne ke durƙusa masa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yar da sandar, na kai hannu in cire malafar, igiyar ta ce ba ta san zancen ba. Ƙullin da na yi da hannuna ya ƙi kwantuwa, ina ja yana shaƙe ni. Na zube a gabansa ina cewa Baba ni ne, Baba dube ni. Bai ɗago ba, don a zamanin da ya koma ba a kallon mai malafa a ido. Sadisu ya kama kafaɗarsa zai ɗaga shi, Baba ya fizge, ya ce a bar shi, ba a ba shi izini ba tukuna.

A nan na gane hanya ɗaya ce ta rage, kuma ita ce mafi muni. Na miƙe tsaye a kan mahaifina. Na mayar da muryar da na zo da ita, na kira shi da sunansa na yanka, sunan da tunda aka haife ni bai taɓa fita daga bakina ba (ko a nan ba zan rubuta shi ba). Na ce, "Tashi. Ba ka makara ba. Je ka gida ka huta." Ya ce godiya yake, ya dafa ƙasa ya tashi. Ni kuma hawaye na bin igiyar malafa suna ɗiga a kan kakina.

Nabila ce ta fara motsi. Ta jefa wayar cikin mota, ta ɗauko takalman Baba, ta tsuguna ta goge masa ƙafa da gyalenta ta sa masa. Mai shayin nan ya zo da wuƙar yanka burodi ya tsinke mini igiyar. Ba masara, ba ayis kirim, ba Kufena. Muka juya Samaru, ina kujerar baya a tsakanin yaran da gajeren wando, ba mai kallon wani. Sai wajen Kwangila Sadisu ya ce, "Yaya, ni ma da laifina."

Bayan la'asar na kasa shiga zaure, na raɓe a bakin ƙofa. Abin mamaki, yaran suna ciki a kan tabarma, sun sa ubansu a tsakiya yana yi musu tafinta. Nabila ce ta tambayi kakanta wane aiki ya yi a tasha, tambayar da mu 'ya'yansa ba mu taɓa yi ba. Ya tsokane ta da amaryarsa, yadda kakanni ke yi, sannan ya ba su labari. Ashe dakon buhunan gyaɗa ya yi tun bai fi Amir da yawa ba, da abin yake ciyar da mahaifiyarsa bayan rasuwar ubansa. Wanda ya makara, korarsa ake yi a gaban kowa. Ya faɗi yadda buhu ke cin kafaɗa, da waƙar da suke yi in suna lodi, har ya rera musu kaɗan Amir yana kwaikwayo.

Can sai ya ce musu ai yau ma ya ga Bature a tasha. Ya ce amma wannan mai kirki ne, don ya san sunansa, na da kuwa "boyi" yake ce masa har ya bar aikin. Sannan ya ƙara da cewa abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai, bai taɓa ganin Bature mai kaushi a ƙafa ba. Yaran suka kwashe da dariya da aka fassara musu. Ni ma na yi, a bayan ƙofa, ina share ido.

Sauran kwanakin hutun a zauren nan suka ƙare su. Ba wanda ya sake maganar lilo. Baba ya rasu kafin wata daminar ta zagayo, Allah ya jiƙansa, kuma waƙar lodin nan tana bakin Amir har yanzu, yakan rera mini ita a waya da karyayyar Hausarsa.

Na mayar wa Baba Emeka malafarsa da tsinkakkiyar igiya, bai tambaye ni komai ba, labari ya riga ni isa. Abin da na koya kuwa shi ne, mutanen garin can na Amurka suna iya sa kayan da su yi wasa ne saboda waɗanda aka yi wa abin sun daɗe a ƙasa. Namu yana zaure yana jiran a tambaye shi, ni kuma na tsallake shi na tafi kasuwa neman tarihi a shagon gwanjo. Yanzu in ɗalibaina sun yi jugum, nakan ce kowa ya je ya gaishe da kakansa ya dawo mini da labari. Gajeren wandon kuma maiɗakina ta mayar da shi tsumman goge murhu.