Zakaran Tsoho Hambali

"…Lahiya lau, uwar gida, sai dai kewarki da ta hana ni cin tuwo."

"Haƙori dai ya hana ka, Tsoho. Matsa in zamna."

Sakinatu ta zauna kusa da kakanta a kan bencin da ke ƙofar ƙaramin asibitin nan na hanyar Gene. Tun da sassafe ɗan kabu-kabu ya ɗauko Malam Hambali daga Garu. Wata huɗu ke nan bayansa ya riƙe, tun ranar da ya ce sai ya ɗaga buhun albasa shi kaɗai, kuma tun daga lokacin a zaune yake salla. Ita ce ta rubuta sunansa wurin likitan gyaran baya da ke zuwa daga Paraku sau ɗaya a wata, wanda da hannu kawai yake aiki. Ga watan azumi a bakin ƙofa, in aka rasa shi yau, sai bayan salla.

Tsohon ya sha babbar rigarsa ta Juma'a, ya matse hannun hagu a jikinsa kamar mai ciwon haƙarƙari. Sakinatu na cikin duba katinsa sai wata mai sayar da masa ta kori kajin da ke damunta, ta ce as. Rigar Malam Hambali ta motsa, jar ƙafa mai ƙaho ta leƙo ta hammata.

"Ashe gaskiya ta, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as," in ji Sakinatu. "Mi wanga?"

"Zakara na. Ko karatun lakwal ya ɗauke miki ido?"

"Shi ma bayansa ka ciwo?"

Ya dube ta da tausayi, ya yi mata bayani a hankali kamar mai koyar da yaro alwala. Lokacin da ya faɗo daga jaki, Sallau maɗori na Tumbutu bai taɓa shi ba sai da aka kawo zakara. Ya karya ƙafar zakaran ya ɗora, sannan ya ɗora tasa, ranar da zakara ya taka ƙasa shi ma ya taka. Wane mai gyaran ƙashi ne za a je wa hannu rabbana?

"To kai da baya ka ciwo, bayan zakara za a karya ke nan? Kun zama gawa biyu, ni da takaba da fige kaza."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Takabar ma daɗi za ta yi miki, don ki samu ki auri yaron nan mai gyaran waya."

"Shi dai yana iya duƙawa ya ɗauki sadaki in ya faɗi."

Daga cikin ɗakin aka ji wani ɗan ƙara, ƙas, sai wani namiji ya ce wash. Malam Hambali ya daina dariya. Ya ce ya tuna bai bar wa yara sallahun ban ruwan albasa ba, ya soma laluben sandarsa. Sakinatu ta riga shi, ta ɗora ƙafa a kanta.

"Kai da kac ce ka kama dorina da hannu cikin kogin Kwara?"

"Dorina ta gabana take. Wanga ta baya za shi zaka mini."

Ta sassauta murya, amma ba ta sauke ƙafa daga sandar ba. Ta ce ita ma an yi mata bara, sanda wuyanta ya ƙage. Da farko ba a ma taɓa mutum, tambaya ce kawai: yaushe ciwon ya fara, ina yake tsayawa, ko yana sauka ƙafa, ko an taɓa faɗuwa. Sai likita ya duba hoton ƙashin da aka ɗauka, ya sa ka yi tafiya, ka duƙa iyakar iyawarka. In ya ga abin ba nasa ba ne, babban asibiti zai tura ka.

"Tambaya kamar ofishin jandarma," in ji shi.

"Ta fi ta jandarma, don nan in ka yi ƙarya bayanka za shi tona ka. In ya ce shekarunka nawa, kada ka ce hamsin."

"Hamsin da 'yan kai."

"'Yan kan sun yi jikoki."

Ta ci gaba da cewa zai tuɓe babbar riga, ya kwance gurun da ke ƙugunsa, ya kwanta rub da ciki a kan wani siririn gado mai rami wurin fuska. Nan tsohon ya ce ina, gurun nan ko kakarta Salamatu ba ta taɓa ganin an kwance shi ba har ta koma ga Allah.

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Tsoho."

"To ƙarar nan da munka ji fa? Ba ƙashi na ya karye ba?"

Ta kama hannunsa ba tare da neman izini ba, ta ja ɗan yatsansa na tsakiya. Ya yi ƙas. Ta tambaye shi ko ya karye. Ya juya yatsan yana dubawa, ya ce bai karye ba, amma zai kai ta ƙara wurin mai gari. Ta ce to shi ke nan abin da ya ji, babu wuƙa, babu allura, kuma in ya ji zafi ya ce a tsaya, za a tsaya. Gobe jikinsa zai yi tsami kamar wanda ya yini dashen shinkafa, jibi ya saki. Ba kuma zuwa ɗaya ba ne, sai an dawo, ga 'yan motsa jiki da za a koya masa ya riƙa yi a gida.

"Karen bana shi ka maganin zomon bana," ta ce.

"Ni na zomon?"

"Da kunnuwan nan naka, wa kake tsammani?"

Ya juya yana kallon motocin albasa masu wucewa zuwa gadar Kwara. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, shi ba ya neman ya sake ɗaga buhu. Goshinsa yake so ya taɓa ƙasa, ko sau ɗaya ne kafin azumi ya fita. Sakinatu ta ɗauke ƙafarta daga kan sandar. Bai ɗauka ba, har aka kira sunansa.

Ya miƙa mata zakaran ya ce ta riƙe kusa da ƙofa, ko likita zai nema.

Ya fi rabin awa a ciki. Da ya fito, gurun na hannunsa a naɗe, yana taka ƙasa a hankali kamar wanda ba ya son ta farka. Ya ce likitan yaro ne mai ladabi, sai dai ba shi da ƙarfi, shi ne ma ya riƙa nuna masa inda zai danna.

"Shi ya sa nij ji ana kiran Salamatu har sau biyu?"

"Addu'a nika yi mata."

"Da wayyo aka fara addu'a a Garu?"

Dariya ta kama shi, ya dafe ƙugu yana jiran zafin da ya saba zuwa da ita. Ya zo, amma bai kai inda yake kaiwa ba. Ya ce dutsen da yake ji a bayansa yana nan, sai dai kamar an ɗan sassaƙe shi, kuma an ce ya dawo wata mai zuwa. Da ta tambayi batun zakara, ya ce ya yi wa likita tayi, yaron ya yi dariya har ya zauna a kujera.

"Zakaran da Allah ya nufa da cara ke nan," in ji Sakinatu, tana miƙa masa.

Ya ture hannunta. "Riƙe shi, kin ci. Amma ba yanzu za ki yanka ba. Tare munka zaka asibiti, tare za mu warke."

"Wa za shi ba shi tsaba?"

"Matar da ta so gado. Ranar da goshina ya taɓa tabarma zan aiko miki, ki yanka, ki kawo mini romo."

"In mun saba da shi kafin nan fa?"

"Sabo da kaza ba ya hana yanka. Ɗauko mini sandata, uwar gida, an hana ni duƙawa."