Wiski Uku a Titin Faisal

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Alƙahira ba, duk da cewa na yi iya ƙoƙarina in manta. Ina shekarata ta uku ke nan ina karatun Shari'a, a shekarar da aka sa dokar hana fitar dare, muna zaune mu huɗu a wani ɗan gida a hawa na biyar a unguwar Faisal.

Sai na fara gaya muku irin mutumin da nake a lokacin, don kada ku ɓata tausayinku a kaina. Ni ne ɗalibin nan da in sababbin zuwa suka sauka daga Kano ko Sakkwato zai zaunar da su ya yi musu lacca a kan Masar, yana kallonsu kamar 'yan ƙauye. In na kira gida ba na haɗa jimla biyu ban jefa "yalla" ko "khalas" ba, har mahaifiyata ta taɓa tambayata ko Hausar ce ta ƙare. Alhali Larabcina na littafi ne zalla. In na yi wa direban ƙaramar bas bayanin inda zan sauka, sai ya jira in gama ya ce "sadaƙallahul azim", fasinjoji su yi dariya. (Ni kuma a zatona girmama ni suke yi.)

Abincinsu kuwa, na raina shi ba tare da na san shi ba. Iyakar sanina ful, wato dafaffen wakensu, da ɗa'amiyya mai kama da ƙosai, daga wurin mai kura a bakin layinmu. Sauran kwanaki shinkafa da wake muke dafawa, da yajin da aka aiko daga gida. Amma in ana hira ni ne kan gaba wajen cewa Misirawa ba su san daɗi ba, mutanen da ko barkono ba sa iya ci. Shekara uku ban taɓa zama a gidan abincinsu na gaske ba.

To, akwai Rukayya, yarinyar da nake nema a Kano. Manyana sun je gaisuwa, mahaifinta Alhaji Mamuda, ɗan kasuwar yadi, ya karɓe su da mutunci, amma ya ce ba zai ba da amsa ba sai ya ga hankalin yaron da idonsa. Ana haka ciwon gwiwa ya matsa masa, aka ce ya zo Masar a duba shi. Babban ɗansa Nura ne ya rako shi. Rukayya ta kira ni ta ce wannan ita ce damata, ta kuma roƙe ni abu ɗaya: in rage surutu, Baba ba ya son rawar kai. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, garin nan a tafin hannuna yake.

Kwana huɗu ina musu tafinta. A asibiti, a kantin magani, a tasi, ni ne gaba. Alhaji mutum ne mai shiru, sai dai ya gyaɗa kai ya ce madalla. Ko ruwa zai saya sai na tsoma baki na fassara. Nura kuwa yana ta latsa waya yana wani murmushi da ban gane kansa ba.

Ranar Juma'a da muka fito daga masallaci, Alhaji ya ce ya gaji da abincin otal, yana son na 'yan gari, irin wanda ake ci da hannu. Nan take na ce akwai wani wuri da nake yawan zuwa. Na zagaya bayan wata mota na kira Abdulhadi, abokin zamanmu, Bahaushen Sudan da ya girma a cikin Misirawa. Ya kwatanta min wani gidan gashi a wani lungu da ya ɓalle daga titin Faisal. Ya fara cewa, "In kun zauna za su fara kawo muku..." sai na kashe wayar. Ni za a koya wa cin abinci?

Wurin cike yake. Hayaƙin gawayi da ƙamshin kitse tun daga ƙofa, tebura a matse, iyalai da 'ya'yansu, dattawa da jallabiya sun fito daga masallaci kamar mu. Can kusa da murhu wani ƙaton mutum na zaune, mai wurin, kowa na kiransa Mi'allim. Mai kawo abinci, wani magidanci mai kaurin gashin baki, ya goge mana tebur ya tsaya. Na gyara murya na karanto masa abin da muke so da Larabci mai wasali cif, kamar mai huɗuba: ƙofta, da 'yan shila cusassu da shinkafa, da mulukiyya. Sannan na juya ina yi wa Alhaji sharhi. Na ce mulukiyya ba komai ba ce illa miyar lalo da aka cika wa tafarnuwa, ƙofta kuma tsire ne da aka niƙa wa marasa haƙori. Na ce ya yi haƙuri da su, ba su da yaji. Alhaji ya ce madalla.

Mai kawo abincin ya juya ya ɗaga murya wajen kicin: "Talata wiski!"

Wiski uku. Ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san ma'anar wannan. Na ɗauka kunnena ne, sai ga shi ya dawo da faranti, gurasa da salak da miyar riɗi, da ƙananan kofunan gilashi uku ɗauke da wani ruwa ja-ja mai duhu. Ya dire ɗaya a gaban Alhaji, ɗaya gaban Nura, ɗaya gabana. Na waiga. Kowane tebur akwai irinsu. Wani dattijo mai tabon sallah a goshi ya ɗaga nasa ya shanye a kurɓi ɗaya, ya yi gyatsa. Wata mata ma tana ba 'yarta.

Zan faɗi gaskiya a nan, tunda shekaru sun ja. Ba tsoron Allah ne ya fara zuwa min ba. Daɗi na ji. Kwana huɗu ina neman inda zan nuna wa mutumin nan cewa ba ƙaramin malami zai ba 'yarsa ba, ga shi an kawo min har tebur. Da hankali ne ya zo, ai da na tambayi kaina yadda aka yi gidan giya ya cika da masallata da rana tsaka ranar Juma'a. Ko in sunkuya in shinshina kofin da ke gaban hancina. Ban yi ko ɗaya ba.

Ina juyowa na ga Alhaji ya ɗauki nasa ya yi bisimilla, ya nufi baki da shi. Na zabura na damƙe hannunsa na ce, "Baba, kada ka sha, giya ce!" Kofin ya kife. Ruwan ya bi farar shaddarsa daga wuya har cinya, da 'ya'yan tumatir da ɗigon barkono.

Ban tsaya duba rigar ba. Na miƙe, na buga tebur, na fuskanci jama'a. Na karanto ayar haramcin giya da ƙira'a, na bi ta da hadisi, na kawo abin da malaman mazhabobi huɗu suka ce. Na nuna dattijon nan da yatsa na tambaye shi ko bai ji kunyar furfurarsa ba. Na ce wa matar ta ji tsoron Allah a kan amanar 'yarta. Na ce mun baro ƙasarmu mun zo neman ilimi a wurinku, ashe abin da kuke yi ke nan bayan an sauko Juma'a. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar kitse a kan gawayi. Ni kuma a raina ina cewa wa'azi ya shiga.

Mai kawo abincin ne ya fara. Ya ajiye farantinsa a hankali, ya dafa bango, kafaɗunsa suna rawa. Daga nan dariya ta kama teburin kusa da mu, ta bi ɗakin har ta kai ga masu gashi. Dattijon da na nuna sai da aka bubbuga masa baya. Mi'allim ya taso yana share hawaye yana cewa, "Ya Maulana, ya Maulana, zauna."

Sai na ji an yi magana a gefena da Larabcin Masar, irin na cikin kasuwa, mai santsi, wanda ban taɓa iya haɗa jimla ɗaya da shi ba. Alhaji ne. Yana goge rigarsa da hankici yana ba Mi'allim haƙuri, yana cewa yaron nasu ne, karatu ne ya yi masa yawa, a ƙaro masa wani kofin, kuma a sa barkono sosai. Sannan ya dube ni ya ce da Hausa, ba tare da ya ɗaga murya ba:

"Ustazu, zauna. Ruwan salak ne. Tumatir da kokwamba da lemon tsami da barkono, abin da ya tsatso a ƙasan kwano. Suna kiransa haka ne don wasa. Tun ba a haife ka ba nake shansa."

Ashe Alhaji ya yi shekaru yana zuwa Alƙahira sarin yadi da jallabiya tun yana saurayi. Duk fassarar da na yi ta kwana huɗu, da kurakuran da ke cikinta, yana ji. (Daga baya Nura ya gaya min cewa a asibiti likita ya ce a rage hawa bene, ni kuma na fassara da a rage cin gishiri.)

Mi'allim bai bar ni haka ba. Ya aika aka ɗauko babban kwanon da ake haɗa salak, ya karkata shi a gabana ya tsiyaya min a kofi, ya ce sai Maulana ya ɗanɗana ya ba da fatawa. Jama'a suka zuba ido. Na ɗaga na kurɓa. Tsami da barkono suka shaƙe ni, na kama tari, hawaye da majina suna zuba, ni da na ce mutanen nan ba su san yaji ba. Wani daga can baya ya tambaya halal ne ko haram. Na ce halal ne, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba. Aka tafa min.

Sai da na bi tebur biyu na ba da haƙuri, Alhaji ne ya sa ni. Dattijon ya shafa kaina ya ce ma'alish, wato ba komai. Matar kuwa ko kallona ba ta yi ba, kuma tana da gaskiya.

Aka kawo abinci. Ban san ɗanɗanon 'yan shilan nan ba har yau, loma uku na iya haɗiyewa. Alhaji ya naɗe hannun rigarsa mai jan tabo ya ci ya ƙoshi, ya tsoma gurasa a mulukiyyar da na raina, suna ta hira da Mi'allim a kan yadda unguwar take a da, lokacin duk gonaki ne. Nura kuwa da hannu ɗaya yake ci, ɗayan yana kan waya. Kafin a kawo shayi saƙon Rukayya ya shigo. Kalma uku ce: "Me na ce?"

A tasi Alhaji ne ya yi wa direba kwatance. Da muka isa otal na riƙe masa ƙofa, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Kishin addinin ya yi kyau," in ji shi. "Amma ka tsaya ka zagi mutum arba'in a kan abin da tambaya ɗaya za ta warware. In 'yata ta yi abin da ba ka gane ba, haka za ka yi mata?"

Ya juya ya shige otal.

Da ya koma Kano ya aika wa manyana cewa yaron ba shi da mugun hali, amma ya ƙarasa karatunsa tukuna, akwai sauran dahuwa. Shekara biyu na jira kafin a ɗaura auren. A gidan su Rukayya kuwa har ƙananan jikoki ba su san sunana na yanka ba, Ustazu Wiski suke cewa, kuma ina amsawa.

Yanzu ina koyarwa, ɗalibai kan zo su tambaye ni hukuncin abu kaza. Nakan ce su kawo min shi in gani tukuna. In abin sha ne, sai na shinshina.