Masanin Taswira a Cikin Hatsin Kawu

Ba zan taɓa mantawa da babban hutun shekarata ta biyu a lise, wato babbar sakandare, ba, ko da na so in manta, domin dangina sun ɗauki alkawarin tuna mani da shi har ranar da za a kai ni makwanci.

A Dogon Dutsi muke zaune, mahaifina ma'aikaci ne. Abokaina in an ce bakans ta zo, wato an ba da hutu, ƙwallo da shayin majalisar samari ne ke faɗo musu a rai. Ni kuwa littafi. Kuma ba kowane littafi ba, irin masu kaurin bulon nan na Faransanci, waɗanda ake ba da labarin ƙasashen da Allah bai halitta ba: dodanni masu fukafukai suna aman wuta, tsofaffin bokaye masu gemu har cibiya, da wani maraya da kullum daga baya ake ganewa ɗan sarki ne. A ɗakin karatun garinmu littafi biyu ake ba mutum aro. Sai in bi abokaina in karɓi katinsu (su da ko ƙofar wurin ba su sani ba), in tara abin da zai kai ni ƙarshen damina, in naɗe kowane cikin leda saboda ruwa, in cusa a buhu, in hau motar ƙauyenmu da ke wajen Kiyeshe.

Can wurin Kaka ake tura ni kowace shekara, wai in taya Kawu noma. Kawu dai ya daɗe da fid da rai. Yakan ce hauya ba ta jin Faransanci, shi ya sa ni da ita ba ma fahimtar juna. A ƙarƙashin rumbu nake karatu, da bisa amalanke, da wurin kiwon awakin da aka ce in tsare (sun ci waken mutane ba sau ɗaya ba). Har yau in na buɗe irin littattafan nan, ƙamshin ƙasa bayan ruwa nake ji. Abin da na fi ƙauna a cikinsu kuwa shi ne taswirar da ake zanawa a shafin farko. Na haddace ta tsaf: inda kogi ya rabu biyu, inda dajin mayu ya fara, da hanyar da ta ratsa duwatsu zuwa Ƙofar Arewa. Ku riƙe wannan magana ta taswira, za mu dawo kanta.

Amma gaskiyar abin da ke sa ni ɗokin ƙauye ba rumbu ba ne. Rakiya ce, ɗiyar Kawu, taubashiyata. Kullum bayan magariba akan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Kaka, in juya musu abin da na karanta da Hausa. Yara kan yi barci, manya kan tashi, Rakiya kaɗai ke zama har in ce mu kwana nan. Tana tsokanata kamar yadda taubasai suka saba, tana kirana bawanta, amma in labari ya ɗauki zafi sai ta tallabe haɓa ta manta da tsokana. A wannan hutun na yanke shawara: daren da labarin ya ƙare, zan gaya mata abin da ke raina. Haka maraya ɗan sarki yake yi a ƙarshen littafi, kuma ban taɓa ganin an ƙi shi ba.

Ranar da na sauka, na nemi tsohuwar farar jallabiyata da na bari bara, Kaka ta ce an ba ta aiki. Ban tambayi wane aiki ba, hankalina na wani wuri.

Ana tsakiyar damina sai ga Sani. Ɗan garin Kore Mairuwa ne, jikan ƙawar Kaka, ya dawo daga cin rani a Kwatano ya taya iyayensa noma, kuma ya tsiro da zuwa gaishe da Kaka kusan kullum. (Ban taɓa ganin mai ladabi ga tsofaffi irin wannan ba, musamman tsofaffin da ke da jikanya budurwa.) Yana da babur, yana da babbar waya, yana da wani turare da kan riga shi shiga gida. Mafi muni, ya ga teku da idonsa. Ni in ce jirgin maraya ya ratsa Tekun Duhu, shi sai ya ce ai ranar da ya fara ganin teku sai da ya ja da baya, ya buɗe waya ya nuna ruwan yana ta tumbatsa. Nan take tabarmata ta koma tasa. Kuma abin haushi, yaron ba shi da laifi. Yana gaishe ni da girmamawa, yana kirana "gran", wato babban yaya, alhali ya girme ni, har tsaraba ya kawo mani. Da ma mugu ne, da na ƙi shi da hujja.

An ce kishi kumallon mata. To ni shaida ne cewa maza ma suna fama da shi, haɗiyewa kawai suke yi. Na ƙi turarensa, na ƙi ƙarar baburinsa, na ƙi teku kanta da ban taɓa gani ba. In Rakiya ta yi dariya a kan maganarsa, sai in ji kamar an zuba mani barkono a ƙirji. Hutu na ƙarewa, rantire, wato komawa makaranta, ta matso, labarina ya maƙale a babi na kusa da ƙarshe, kuma dare ya zama na Sani. Sai dabara ta zo mani: tunda ya ƙwace dare, ni zan kama rana.

Ranar da aka taru cirar gujiya a gamanar Kaka, wato 'yar gonarta da ke maƙale da babbar gonar Kawu, na tafi da littafina a hammata. Lokacin hatsi ya fi mutum tsawo, ya fitar da kai, tsuntsaye sun fara damun mutane. Da rana ta take aka koma inuwar wata ƙirya, aka dama fura. Sani ma yana nan (ina zai rasa?). Na gyara murya, na share ƙasa da tafin hannu, na ɗauki tsinke na fara zana taswira.

Kaka ta dube ni ta ce, "Kai, mi za ka yi? Ba a gatana da rana. Wanda duk yay yi, ɓacewa shikai."

Gatana ita ce tatsuniya a bakin mutanenmu, kuma wannan doka kowa ya tashi da ita. Na yi murmushin 'yan boko, na bayyana mata cewa wannan ba gatana ba ce, roman ne, manyan marubuta suka rubuta shi, kuma batun ɓacewa camfi ne da aka ƙirƙira don kada yara su bar aiki.

Ta ce, "Akwai dodo ciki?"

Na ce akwai.

"Ka gane shi da idonka?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To gatana ta, ko cikin takarda anka ɗamre ta. Ni dai na hwaɗa maka."

Aka yi dariya, ni ma na taya, na ci gaba. Kuma ba don yabon kai ba, ranar bakina ya buɗe. Na kai maraya har Ƙofar Arewa, inda wata doguwar mace mai fararen kaya ke tsaro, ba ta da fuska, hannayenta na miƙewa kamar igiya, duk wanda ya dube ta ba ya komawa gida. Na tsawaita ta, na ƙara mata abin da marubucin ma bai sa ba. Wurin ya yi tsit, sai wata 'yar waƙa da ke fitowa daga aljihun Sani. Na ɗago kai in ga yadda Rakiya ta tallabe haɓa, sai na ga ta karkata wajen Sani, ta kai baki kusa da kunnensa tana raɗa masa magana. Shi kuma ya yi murmushi ya sa hannu a aljihu.

Ban san lokacin da na rufe littafin ba. Na ce kaina ke ciwo, gida zan tafi. Rakiya ta ce in ƙarasa mana, na ce wanda ya ga teku ya ƙarasa. Maimakon in bi turba, sai na nufi cikin hatsi don in yanke, saboda ina son ficewata ta yi kama da ta jarumi. Sani ya miƙe ya ce, "Gran, hatsi ya ruhe hanya, bari in raka ka." Na juyo na gaya masa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, cewa mutumin da ya haddace taswirar ƙasashe bakwai ba ya neman ɗan rakiya a gonar kawunsa.

Wanda bai taɓa shiga hatsin ƙarshen damina ba ba zai gane ba. Gaba kara, baya kara, sama ganye. Da farko ban ma duba hanya ba, ina ta shirya maganganun da ya kamata in gaya wa Sani. Da na dawo hayyacina sai na ga hadari ya taso ya rufe rana, ban san gabas ba balle yamma. Na ce ƙauye na hannun dama, na yi dama. Na ga wata 'yar sabara, na wuce ta, na yi tafiya mai nisa, na sake ganin sabarar. Ganye ya yanyanka mani hannu, takalmina ɗaya ya tsinke. Iska ta fara kaɗa hatsin yana wani irin shuu, sai maganar Kaka ta dawo mani, ba a gayyace ta ba. Na ce camfi ne. Na sake cewa camfi ne, amma wannan karon a hankali, kada wani ya ji ya yi fushi.

Ina ture wasu karare sai na gan ta. Doguwa, fara fat, ta fi hatsin tsawo, ba fuska, hannayenta biyu suna miƙowa wajena cikin iska.

Jama'a, duk bokon da na tara ya zube a wurin. Na tuna doguwar littafi, na tuna doguwar da tsofaffin Arewa ke rage murya in za su ambata, na rasa wacce ce a cikinsu ta zo karɓar bashin bakina. Na durƙusa, na ɗora littafin a ka kamar garkuwa, na fara Ayatul Kursiyyu na tsinci kaina a tsakiyar Ƙulhuwallahu. Daga nan na buɗe maƙogwaro na yi kiran da tun ina ɗan shekara biyar ban yi irinsa ba: "Kaka! Kaka, ki zo, na tuba, gatana ta!"

Karare suka buɗe ta bayana. Sani ne, Rakiya na biye da shi da ƙwaryar fura a hannu, sai Kawu, sai sauran masu cirar gujiya. Ashe duk yawon da na sha kewaye nake yi, inda na durƙusa ko jifan dutse bai kai ba zuwa inuwar ƙirya. Ba abin da ya wuce kunnensu, har da karatun da na haɗa. Kawu ya dubi doguwar, ya dube ni, ya tambaye ni ko ban gane rigata ba. Farar jallabiyata ce, ya rataya ta bisa doguwar gora don korar tsuntsaye. Aikin da aka ba ta ke nan, kuma ban taɓa ganin ma'aikaci mai ƙwazo irinta ba.

Sani bai yi dariya ba, ya ɗauko mani takalmina (wannan ma na riƙe shi da shi). Rakiya kuwa sai da ta ajiye ƙwarya ta riƙe ciki. Da ta samu numfashi ta ce, "Bawana, a taswirar taka ina anka zana gonar Baba?" Kaka ba ta ko taso ba. Da aka kawo ni gabanta ta miƙo mani ludayi ta ce in sha, ɓatattu na jin ƙishirwa.

Tun daga ranar sunana ya koma Ɓatau. Sauran kwanakin a ɗaki na yi su, in an shimfiɗa tabarma in ce zazzaɓi nake. Kafin mako ya zagayo na tattara littattafaina na gudu Dogon Dutsi, ban ƙarasa labari ba, ban faɗi komai ba. Hutun da ya biyo baya na ƙi zuwa, na fake da shirin jarrabawa. Sani kuwa bai fasa gaishe da Kaka ba. Bayan kaka biyu aka ɗaura aurensa da Rakiya, ni na raba goro.

Sai a sunan ɗansu na fari muka zauna da Rakiya muka yi hira ta hankali. Ta tambaye ni yadda maraya ya ƙare da doguwar nan, ta ce abin ya daɗe yana cin ta. Na ce ai ranar ba ta damu da ji ba, tana can tana raɗa. Ta dube ni kamar ta ga sabon mahaukaci.

Ta ce, "Raɗa? Ce mai na yi shi kashe waƙag ga, ta hana ni jin labari. Kullum sai na shimhiɗa tabarma ina jiranka, kai ko kana ɗaki kana zazzaɓin ƙarya."

Na ce mata maraya ya wuce ƙofar, ya samu sarauta, ya auri yarinyar. Ta ce madalla da shi, ai shi bai yi fushi ya shiga hatsi ba.

Yanzu haka ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a wani kwaleji, taswira nake zana wa 'ya'yan mutane a allo, ana biyana. Har yau in babban hutu ya zo nakan cika buhu da littattafan dodanni, kuma daɗinsu bai ragu ba. Abin da na koya dai shi ne, in tsohuwa ta ce kada ka yi gatana da rana, ka jira magariba. In kuma ka ga ana raɗa, ka ƙarasa labarinka tukuna, hatsi ba inda zai je.