Sunan da Baba Hamani Ya Kai Abijan Ya Dawo da Abinsa

Yau tun hantsi nake tashar Madawa ina jiran motar Buza ta cika. Da ta cika kuma direba ya ce mai ya ƙare, ya ɗauki jarka ya tafi bin layi. Ina cikin wannan zaman ne na hangi Baba Hamani, manomi daga Babankatami, a kan buhu, kansa ba hula.

Na ce, "Baba, ina hula?"

Ya ce, "Tana Abijan, ɗana. Ta riga ni isa."

Ga yadda aka yi. Ɗansa Mahamud da ke ci-rani a Abijan ya aiko cewa matarsa ta kusa sauka, Baba ya zo, shi zai zaɓi suna. Dattijon ya ƙudurta a ransa in mace ce sunan marigayiya mahaifiyarsa za a sa, Ummulkhairi. Bai faɗa wa kowa ba, don a wajenmu suna ba ya fita sai ranarsa.

To a ƙasarmu ta Adar kowane gida akwai wanda ya san hanyar Abijan kamar yunwar cikinsa. Amma Baba bai tambayi kowa ba, saboda ya halarci taron wayar da kai. Mai Girma Sarkin Tafiye-tafiye ne ya shirya shi, bawan Allahn nan da tun da aka karya darajar kuɗin sefa bai yi wata guda cur a gida ba, duk don ƙaunarmu. Kwana uku aka yi, aka yanka raguna, aka raba takardar shaida. Darasin kuwa ɗaya ne: "Ku kwantar da hankalinku. Shekara ashirin ina tafiya, jirgi bai taɓa tashi ya bar ni ba."

Gaskiya ya faɗa, Allah ya ƙara masa girma. Bai dai ce jirgin ne ke jiran sa ba.

Baba ya isa Wagadugu a mota, ya sayi tikitin jirgin ƙasa mai zuwa Abijan, ya shiga. Ya duba ya ga kujeru da saura. Sai ya yi abin da kowane mai hankali ke yi a tasharmu: ya aza hula da jaka a kan kujera don kama wuri, ya sauka neman shayi.

Ya ce mini, "Wallahi ko rabi bai cika ba. Ina hura shayi na ji kuwwa, na waiga, sai ga shi yana tahiya. Na ɗaga mai hannu. Jirgin ga bai da kunya, ko yaron mota babu da za ya buga mai ƙarhe."

Sai da ya kwana uku kafin ya samu wani. Ya isa Abijan an sha suna jiya. 'Yan garinsu da ke cikin jirgin farko sun gane hular, sun kai ta gidan Mahamud. Da aka ga hula ba mai ita, aka jira har rana ta take, dangin uwa suka sa wa yarinya Jima. Don haushi Baba ya bar musu hular can ya dawo.

Na yi dariya har da hawaye, amma raina ya ɓaci, don na ga idon dattijon ya kawo ruwa.

Saboda haka ga nawa taron, ba rago ba takarda. Jirgin ƙasa agogo yake bi, ba ruwansa da cika. Jirgin sama, ko mai arha, sai ya auna kayanka, kada ka karɓi saƙon albasar unguwa duka. Taksi kuwa ku daidaita kafin ka zauna, in mai mita ce ka zuba mata ido. Kuma ka tambayi maƙwabcinka da ya taɓa ɗaukar jakarsa da hannunsa.

Na ce, "Baba, yanzu sunan fa?"

Ya ce, "Yana nan wurina, ban ba kowa ba. Na ce ma Mahamud su yi sauri su sake haihuwa."

Allah ya sa mace ce. Allah kuma ya sa kafin nan ba a sake wayar masa da kai ba.